Yoyon Tankin Mota: A Daina Yi Wa Mai Walda Gaggawa



Yau gareji za mu leƙa. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota, ko ya saba shiga ta haya, ya san warin fetur ɗin nan da kan cika mota har sai an sauke gilas. Idan fasinja ya yi magana, direba ya ce yanzu ya sha mai, ko ya ce kafireto ne. Sau da yawa kuwa tanki ne yake yoyo, kuma direban ya sani. Ra'ayinmu a kan wannan al'amari ɗaya ne: yoyon tanki yana da gyara, gyaran kuma bai fi ƙarfin mai mota ba, amma yana cin lokaci, lokacin nan kuwa shi ne abin da masu mota suka fi yin rowarsa. Wanda yake biyan bashin wannan rowa da fuskarsa da hannuwansa, wani lokaci ma da ransa, shi ne mai walda da yaron da yake riƙe masa tanki.

Bari mu fara daga inda yoyon yake farowa. Tsofaffin motocinmu, irin su Peugeot 504 da 505 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da yawancin tsofaffin bas-bas da a-kori-kura, tankinsu na ƙarfe ne. Babban abokin gabar ƙarfe tsatsa ce, tsatsar tanki kuma ta fi farowa daga ciki. Dalili shi ne ruwa ya fi fetur nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na kilo ce. Saboda haka duk ɗigon ruwan da ya samu shiga tanki, ƙasa yake gangarawa ya kwanta, ya yi ta cin ƙarfen a hankali har ya huda shi kamar tsinin allura. Ruwan kuwa hanyoyin shigarsa da yawa: man jarka na 'yan bumburutu da ya sha ruwan damina, da murfin tanki da ya ɓata aka toshe bakin da leda ko tsumma, da kuma raɓar da kan taru a jikin ƙarfe daga ciki idan iska mai laima ta cika tankin da babu mai sosai. Wannan na ƙarshe ya ƙaru tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, domin yanzu mutane ƙalilan ne ke iya cika tanki, sauran kullum allurarsu tana kwance a kan ja. Daga waje kuma akwai duwatsu da ramuka da tudun rage gudu, waɗanda motar da aka danƙara wa lodi take gogawa da cikinta.

Sai dai ba duk yoyo ne daga jikin tankin ba, kuma a nan ne ake fara asarar kuɗi. Akwai tiyon da ya haɗa bakin zuba mai da tanki, wanda kan bushe ya tsattsage. Akwai robar da ke zagaye da famfon mai a saman tanki. Akwai bututun da ke kai mai zuwa inji. Idan mota ba ta wari sai an cika ta, to matsalar tana sama. Idan kullum tana ɗiga ko da mai kaɗan ne, tana ƙasa. Wani lokacin ma babu abin da ya lalace, ɗabi'ar nan ce ta jijjiga mota a gidan mai don a ɗura mata har wuya. Fetur yana kumbura da zafi, wajen kashi 1 cikin 1,000 a kan kowane digiri guda. Tanki mai cin lita 60 da aka cika maƙil da sanyin asuba, idan rana ta ƙara masa digiri 15, ya ƙaru da kusan lita ɗaya, kuma dole litar nan ta nemi hanyar fita. Gano wurin yoyo ba ya buƙatar na'ura: a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana, da safe a ga inda ya jiƙe, a goge wurin a barbaɗa hoda, inda ta fara yin duhu nan ne hujin. Da cocila ake dubawa. Ashana da leta ba su da aiki a nan.

Wasu kan ce ai ɗigo ne kawai, a bar shi sai an samu sarari. To a yi lissafi. A yini da kwana akwai daƙiƙa 86,400. Tankin da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 2 ke nan a kullum, ko motar tana tafiya ko tana ajiye. A lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, mutum zai iya kawar da kai. Amma a ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. A irin wannan farashi, mako guda na yoyo ya isa a ce an zuba wa ƙasa kuɗin cefanen gida. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Daga nan sai sabulu, wanda duk tsohon direba ya san shi. Mu ba ma raina wannan dabara, domin tana da tushe. Sabulun wanki ba ya narkewa a cikin fetur, don haka idan aka murza shi a kan ɗan ƙaramin huji yana toshewa, kuma ya sha fitar da mutane daga tsakiyar daji. Amma abin da fetur ya kasa narkarwa, ruwa yana narkar da shi. Kududdufi ɗaya ko wankin mota ɗaya ya isa ya tafi da shi. Sabulu guzurin hanya ne, ya kai ka gari, daga nan aikinsa ya ƙare. Wanda ya fi shi ƙarko shi ne gam ɗin nan mai bututu biyu da ake cakuɗawa, irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure fetur. Shi kan daɗe idan aka juye man, aka kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, aka bar wurin ya bushe sarai, aka kuma ba shi sa'o'in da aka rubuta ya sandare. Idan aka shafa shi a kan jiƙaƙƙen wuri aka zuba mai nan take, kuɗi aka zubar. Su kuwa motocin baya-bayan nan da yawa tankinsu na roba ne mai kauri, irin robar da gam ba ya kama ta da kyau, shi ya sa masu ƙera su suke cewa a canja tankin gaba ɗaya idan ya tsage.

Idan sabulu ya gaza, gam ya gaza, sai a nufi wurin mai walda. A nan ne zancen ya tashi daga na kuɗi ya koma na rai, kuma a nan muke roƙon mai karatu ya ba mu hankalinsa.

Abin da yake kamawa da wuta tururin fetur ne, wato abin da hancinka yake shaƙa ka ce wari. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, ballantana a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri. Man dizal sai ya ɗumama ya haura digiri 50 kafin ya yi haka, shi ya sa wanda ya saba da tankin manyan motoci yake iya ruɗuwa idan aka kawo masa na ƙarama. Tururin nan ba ya kamawa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi ɗaya da rabi zuwa kashi bakwai da rabi cikin ɗari. A cikin tankin da yake cike, tururin ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A cikin tankin da aka juye kuwa, iska ta cika shi, ɗan man da ya maƙale a lunguna da cikin tsatsa yana ta fitar da tururi, ma'aunin ya yi daidai. Fetur ɗin da ake buƙata don mayar da tanki mai lita 60 ya zama abin fashewa bai kai cokalin cin abinci ɗaya ba. Ke nan kalmar nan da mai mota yake faɗa don ya kwantar wa mai walda da hankali, "ai na juye man, babu komai a ciki," ita ce ainihin bayanin haɗarin. Tankin da aka juye ba a wanke ba ya fi cikakke saurin tarwatsewa, kuma yana iya zama haka bayan ya yi watanni a yashe a bayan gareji.

Ƙari a kan haka, tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya gangara cikin ramin da makanike ke shiga, ya bi kwata, ya isa wurin murhun mai shayi ko janareta ko guntun taba da ke can nesa, sannan wutar ta biyo sawunsa ta dawo inda ya fito. Wannan tururin ne ya cinye mutum fiye da 150 a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa ranar 15 ga Oktoba 2024, ya sake cinye fiye da 80 a mararrabar Dikko ta Jihar Neja ranar 18 ga Janairu 2025. Waɗancan tankoki ne na dakon mai, gobararsu ta girgiza ƙasa. Ta gareji ƙarama ce, mutum ɗaya ko biyu take taɓawa, shi ya sa ba ta cika wuce unguwar da ta faru ba. Amma halin fetur ɗaya ne a tanka da a ƙaramar mota, kuma uwar yaron gareji ba ta da wani ɗa da za a ce mata ai wannan kaɗan ne.

To yaya gyara na ƙwarai yake? A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. A cire kan batir tukuna. A juye man cikin jarka a rufe, a kai shi nesa. A sauke tankin daga jikin mota, domin walda a ƙarƙashin mota da tanki a ɗaure ganganci ne tsantsa. A cire famfon mai da ma'aunin da ke cikinsa, a bar duk ƙofofin a buɗe. A wanke cikin da ruwan zafi da garin sabulu, a girgiza, a zubar, a maimaita sau da yawa. Sannan a cika shi da ruwa har ya kusa taɓa wurin da za a yi aikin, a juya shi yadda hujin zai kasance a sama, a bar kafar da iska za ta fita. Inda ruwa ya cika, tururi ba shi da wurin taruwa. Manyan wuraren aiki sukan yi amfani da tururin tafasasshen ruwa, ko su cika tankin da iskar da ba ta cin wuta. Idan hujin ƙarami ne, akwai hanyar da masu gyaran lagireto suka sani: a gasa ƙarfen liƙi can nesa, a kawo shi a narka dalma a kan wurin, ba tare da harshen wuta ya kusanci tankin ba, shi ma bayan an wanke. Idan an gama a gwada da ruwa a ga ko yana tsattsafowa, a busar da cikin sarai, domin ruwan da aka bari shi ne tsatsar gobe. Idan kuwa aka kankare aka ga ƙasan tankin ya zama kamar rariya, faci ba zai yi ba, sai a nemi wani a Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar kayan gyara mafi kusa.

Wannan aiki yini guda yake ci, wani lokaci har da kwana. Ga kuma abin da ke faruwa a garejinmu. Mai walda ya ce, "Alhaji, sai an wanke shi, ka dawo gobe." Mai mota ya ce, "Haba Oga, ɗan huji ɗaya ne fa, taɓa shi kawai, ina da lodi." Idan ya ƙi, a ce masa ga wani can a gaba zai yi yanzu. Mai walda ya dubi kuɗin, ya tuna cefane, ya tuna cewa idan ya kori wannan ya kori duk direbobin tashar. Sai ya ɗauraye tankin sau ɗaya da ruwan sanyi, ya ce wa yaro riƙe nan.

Akwai wata dabara da ta yaɗu, ta zura tiyo daga salansar mota zuwa cikin tanki a bar hayaƙi ya yi ta shiga na ɗan lokaci. Tunanin da ke bayanta ba na banza ba ne, domin hayaƙin inji mai lafiya iskar da wuta ke ci ta yi ƙaranci a cikinsa. Sai dai injin da ake samu a gareji galibi marar lafiya ne, shi ya sa aka kawo shi. Hayaƙinsa yana ɗauke da man da bai ƙone ba, babu kuma wani ma'auni a hannun kowa da zai nuna cewa tankin ya tsarkaka. Hanci ba ma'auni ba ne, musamman hancin mutumin da ya yini cikin warin fetur. Wasu ma har sukan kanga wuta a bakin tankin don "ya yi tari" ya huce. Wannan caca ce, kuma abin da aka zuba a faifai fuska ce.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Direban haya zai ce yini ɗaya ba aiki yana nufin babu balas ɗin mai mota, babu tuwon dare. Gaskiya ne. Amma yoyon tanki ba ya faɗowa rana ɗaya kamar fashewar taya. Yana yin sallama da wari, ya yi makonni yana ɗiga. Wanda ya ji warin a farkon mako yana da damar ya zaɓi ranar da zai ajiye mota, ya kai tankin da yamma ya karɓa washegari. Gaggawar da ake kawo wa mai walda yawanci 'yar jinkirin da aka yi ne tun farko. Kuma man da aka zubar a makonnin jinkirin ya isa ya biya balas ɗin yinin da ake jin tsoron rasawa.

Shi kuma tsohon mai walda zai ce shekara ashirin yana wannan aiki ba abin da ya same shi. Muna girmama ƙwarewarsa, kuma mun yarda hannunsa ya san ƙarfe fiye da alƙalaminmu. Sai dai tururi ba ya duba shekarun mai riƙe da wuta. Sau ɗari ma'aunin yana iya kaucewa, ya yi yawa ko ya yi kaɗan, a tashi lafiya, a na ɗari da ɗaya ya daidaita. Waɗanda ya daidaita a kansu ba sa nan balle su ba da tasu shaidar, shi ya sa muryar waɗanda suka tsira kaɗai ake ji.

Wani kuma zai ce ai komai ƙaddara ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado zai tafi. Babu mai musun ƙaddara. Amma mutumin da yake faɗin haka yana kulle motarsa da dare, yana duba birki kafin ya hau hanya. Tankin ma haka ya kamata a yi masa. Kuma akwai bambanci tsakanin mutum ya yi sakaci da ransa, da ya biya wani kuɗi kaɗan don ya yi sakaci da nasa, shi yana tsaye can gefe a inuwa yana duba agogo.

Wannan ya kawo mu ga yaran gareji, waɗanda ba a tambayar ra'ayinsu. Su ake turawa ƙarƙashin mota su kwance tanki mai yana zuba a hannun rigarsu. Su ake ba tiyo a ce su zuƙo mai da baki, alhali ɗan kaɗan idan ya sarƙe su ya shiga huhu yana iya jawo ciwo mai tsanani. Su ne ke riƙe tankin, fuskarsu a daidai bakinsa, lokacin da Oga yake sanye da baƙin gilashi. Iyayensu sun kawo su ne su koyi sana'a su riƙe kansu. Abin da suka gani shi za su ɗauka a matsayin sana'ar, su koya wa na bayansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya taso a garejin da ba a sa wa tanki wuta sai ya sha wanki, har ya tsufa ba zai iya yin akasin haka ba.

Abin da muke kira gare shi ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Mai mota ya ɗauki warin fetur a matsayin sammaci, ya daina ajiye motar da ke yoyo a cikin gida kusa da kicin ko janareta, ya kai ta gyara da niyyar barinta ta kwana, ya kuma biya kuɗin wanki daban da na walda ba tare da ciniki ba. Idan mai walda ya ce sai gobe, a gode masa, domin wanda ya ce kawo a yi yanzu shi ne abin gudu. Ƙungiyoyin makanikai da na direbobi, irin su NATA da NURTW, suna da ikon da ya fi na kowace doka a cikin gareji da tasha. Idan shugabannin reshe suka zauna suka yanke cewa babu mai sa wa tanki wuta sai an sauke shi, an wanke, an cika da ruwa, kuma farashin ɗaya ne a kowace rumfa, to barazanar "ga wani can zai yi" ta mutu. A ware kusurwa guda don wannan aiki, nesa da mai shayi da mai tsire. A ajiye bokitin yashi da abin kashe gobara mai aiki, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukarta yake yi ya yaɗa. Abin kashe gobarar da ke cikin but ma a duba ko yana da rai, kada ya zama na nuna wa jami'an kiyaye haɗurra kawai. Fasinja shi ma yana da haƙƙi: idan ya ji wari ya yi magana, idan aka raina masa hankali ya sauka.

Sauri ya kan haifi nawa. Motar da ta kwana a gareji gobe za ta hau titi, tankin da ya ƙi gyaruwa akwai irinsa a kasuwa. Hannun mai walda da idon yaronsa ba a sayar da su a Kofar Ruwa.

Masu sana'ar da ke cikinmu, muna jiran gyaranku da ƙarin bayaninku. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, Ya sa albarka a sana'ar kowa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.